Ƙunar Rana a Littafi da Ƙunar Rana a Aji

*Jawabin da 'yar'uwarmu, malamar Turanci ta aji biyar, ta gabatar a zaman reshe na watan Afrilu a Bacirawa. Mun buga shi kamar yadda ta karanta, bisa roƙon waɗanda suka halarta.*

 

Da sakataren reshe ya aiko mini cewa ni zan yi magana a zaman wannan wata, sai na ce a gafarce ni, domin a cikin ɗakin nan akwai waɗanda suka fara riƙe alli tun ina goye. Ya ce ai ba wa'azi aka nema ba, abin da ake so shi ne in kawo wani abu daga cikin ajina. To, abin da na kawo ɗan ƙarami ne. Kalma ce guda ɗaya ta Turanci mai harufa tara, wato *scorching*. Ina roƙon ku yi haƙuri da ni, domin kalmar nan ta koya mini abin da shekara uku na kwalejin horon malamai da shekara ashirin na tsayuwa gaban allo ba su gama koya mini ba.

Shekara biyu ke nan, a bazarar 2024, bayan mun dawo daga hutun ƙaramar Sallah, muka ci karo da ita a wani ɗan labari na auna fahimta, inda aka ce wani matafiyi ya yi tafiya *under the scorching sun*. Sai na yi abin da aka yi mini ina yarinya, wanda da yawanmu muke yi idan lokaci ya ƙure. Na rubuta a allo cewa ma'anarta *very hot*, na fassara musu da "mai zafi ƙwarai", na sa suka maimaita sau goma har ajin da ke maƙwabtaka da mu ya ɗauka. Daga nan na ba su aikin gida, kowa ya yi jimla ɗaya da ita. Na tafi gida ina ganin na sauke nauyi.

Washegari na tattara littattafai. Wani ya rubuta cewa kokon da ya sha da safe *scorching* ne. Wata ta ce yajin ɗanwaken da ta saya *scorching* ne. Wanda ya fi ba ni dariya, daga baya kuma ya fi sa ni tunani, wani yaro ne mai ƙoƙari da ya rubuta *My grandfather is scorching*. Da na tambaye shi abin da yake nufi, sai ya ce, "Malama, ai ke kika ce mai zafi ƙwarai. Wallahi kakana akwai zafi, ko akuya ce ta shiga gonarsa sai duk unguwa ta ji." Na ɗaga jan biro zan soke, sai hannuna ya tsaya. Yaron nan bai yi kuskure ba. Abin da na ba shi ya karɓa ya yi aiki da shi. Ni ce na miƙa masa kalmar "zafi", wadda a Hausa take ɗauke da kaya mai yawa: zafin wuta, zafin ciwo, zafin rai, zafin nama, har da zafin talauci. Na ba shi babbar riga, sannan ina shirin hukunta shi don ta yi masa yawa.

Daren nan na koma ga ƙamus, abin da ya kamata in yi tun kafin darasi. Asalin kalmar aikatau ne, *scorch*, kuma ma'anarsa ita ce zafi ya ƙona saman abu, ya sauya masa launi ko ya busar da shi, ba tare da ya cinye shi ƙurmus ba. Duk wadda ta taɓa mantawa da dutsen guga na gawayi a kan farar riga, ta dawo ta tarar da tabo ja-ja mai siffar dutsen, ta san wannan kalma ko da ba ta taɓa jin ta ba. Haka wadda shinkafa ta kama mata a gindin tukunya har ta yi ƙanzo, gida ya ɗauki ƙauri. Haka mahauci idan yana babbaka kan rago, wuta ta lashe gashi ta bar nama. Manomi kuma ya fi kowa saninta. Idan aka yi shuka da ruwan farko, sai ruwa ya ɗauke mako biyu ko uku, ganyen gero ya yi yaushi, ya nannaɗe, bakinsa ya bushe ya yi ja kamar an kara masa wuta, mukan ce rana ta ƙone shuka. Wannan ƙonewa ita ce Bature yake kira *scorch*.

Saboda haka idan an ce *scorching sun*, ana nufin ranar da ke dukan fata kai tsaye, busasshen zafi mai ƙuna, irin wanda ke sa rairayi ya gagari tafin ƙafa. Ashe muna da kalmarta a baki, ni ce ban nema ba. Ƙuna ce. Mukan ce ana ƙwalla rana, ko rana ta take, ko ƙunar rana ta hana fita. Da na ce wa yaran nan "rana mai ƙuna", da babu wanda zai jingina ta ga kakansa.

Da na ƙara bincike sai na ga kalmar tana da 'yan'uwa, kowace da gurbinta, kamar yadda namu suke. *Warm* shi ne ɗumi, irin na ruwan wankan jariri ko hantsin hunturu da tsofaffi ke fitowa sha. *Hot* shi ne zafi gaba ɗaya. *Scalding* na ruwa ne da duk abin da ke zuba, kamar tafasasshen shayi ko kunun da ya zube wa yaro a hannu ya saluɓe masa fata, don haka kokon ɗalibina a nan gidansa yake. *Sweltering* zafi ne mai gumi, wanda mu a nan muka fi sani a watan Mayu, gab da faɗuwar damina, lokacin da hadari ke haɗuwa yana wajewa, iska ta ɗauke cak, mutum yana zaune a inuwa amma zufa na karyo masa. Wanda ya taɓa zama a Legas ko Fatakwal ya san shi sosai. *Blistering* kuwa daga kalmar bororo ya fito, wato zafin da ya kai ya tayar wa fata bororo. Kun ga ke nan Bature ma bai tara zafi duka a kwando ɗaya ba. Ya rarraba shi kamar yadda kakanninmu suka rarraba, kuma malamin da ya ce duk ma'anarsu *very hot* ya yi wa harsunan biyu ƙwange.

Akwai wata ƙa'ida ta nahawu da ke tattare da kalmar, wadda nake ganin Hausa ta fi kowane littafi sauƙaƙe ta. Masu harshen ba su cika cewa *very scorching* ba, domin kalmar da kanta ta riga ta kai maƙura. Sai dai su ce *scorching hot*, ko su ce *absolutely scorching*. Da na so in bayyana wa yara wannan, sai na tambaye su yadda ake cewa abu ya yi fari sosai. Suka ce fari fat. Baƙi fa? Baƙi ƙirin. Ja? Ja wur. Kore? Kore shar. Zafi fa? Ajin ya amsa baki ɗaya: zafi zau. Na ce to wa ya taɓa jin an ce "baƙi ƙirin ƙwarai"? Suka yi dariya, suka ce ai ƙirin ɗin ta gama magana. Na ce to haka *scorching hot* take, ita ce zafi zau ta Turawa, ba a ƙara mata komai. Ban sake ganin wannan kuskure a littafin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Sai batun furuci da rubutu, inda nake jan hankalin masu koyar da ƙananan azuzuwa. Harshenmu ba ya son baƙi biyu su haɗu a farkon kalma, shi ya sa muka ari kalmomi muka sa musu wasali muka ce siket, sikeli, sitiyari, burodi. Yaro zai ce "sukocin", kuma ba laifinsa ba ne, bakinsa ne yake bin ƙa'idar gida. Maganinsa a sa shi ya ja sautin *s* kamar hucin maciji, sannan ya faɗa kan *k* ba tare da ya buɗe baki a tsakani ba. Wani tarkon kuma yana cikin harafin *c*. Yaron da ya iya karatun Hausa ya san *c* ta "ciki" da "cokali". A wannan kalma akwai *c* biyu. Ta farko sautin *k* take bayarwa, ta biyu kuwa, da ta haɗu da *h*, ita ce ke bayar da sautin *c* ɗinmu. Idan ba a nuna masa wannan a fili ba, zai riƙa juya su, mu kuma mu riƙa cewa ba ya ganewa.

A maganar yau da kullum, masu harshen sukan ce *It is scorching today* idan an tashi da rana mai ƙuna, sukan kuma kira irin wannan yini *a scorcher*. Abin lura shi ne kowa da ma'auninsa. A Ingila, idan zafi ya kai digiri 30 jaridunsu sukan cika da wannan kalma, alhali mu a Kano digiri 30 a watan Afrilu sai mu ce yau gari ya yi daɗi. Sai a ranar 19 ga Yuli, 2022 ne aka fara auna zafin da ya haura digiri 40 a tarihin ƙasarsu, abin da mu muke gani kusan kowace bazara. Haka kuma mai sauraron labaran duniya zai ji ana cewa *scorched earth*, wato dabarar yaƙi ta ƙone gonaki da rumbuna don kada abokin gaba ya sami abin ci, kamar yadda Rashawa suka yi wa rundunar Napoleon a 1812. Malamanmu na Arabiyya kuma za su gaskata ni cewa sunan watan Ramadan ma daga tushen da ke nufin ƙunar ƙasa saboda zafin rana ya fito. Na kawo waɗannan ne don mu ga cewa kalma ɗaya, idan an bi ta a hankali, tana iya buɗe wa yaro ƙofar tarihi da labarin ƙasa da addini.

Bayan kwana biyu na sake darasin. Wannan karo ban fara da allo ba. Wajen ƙarfe goma sha biyu da rabi na fito da su bakin baranda, na ce kowa ya dubi inuwar sandar tuta. Suka duba suka ce babu, ta shige gindinta. Na gaya musu dalili: Kano tana kan digiri 12 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma a ƙarshen Afrilu rana takan bi ta tsakiyar kanmu daidai, haskenta ya sauko a miƙe. Takan sake yin haka a watan Agusta, amma a lokacin gajimare da ruwan sama sun tare mana ita. Sannan na sa suka matso da bayan hannu kusa da sirdin babur ɗin wani malami da aka bari a rana, da hannun famfon tuƙa-tuƙa, ba tare da sun taɓa ba. Na ce su gaya mini da Hausa abin da suka ji. Kalmomi suka yi ta zubowa: ƙuna, turiri, huci, raɗaɗi, zau, kamar bakin murhu, kamar tandar waina. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ce, "Malama, kamar in an aike ni da rana babu takalmi, ina gudu daga inuwar wannan katanga zuwa waccan." Na ce to wannan abin da ƙafarki ta ji, shi ne sunansa *scorching*. Muka koma aji cikin minti biyar, sannan na rubuta kalmar a allo.

Jimlolin da suka kawo washegari suna nan a ajiye a wurina. Wannan yarinya ta rubuta *The scorching sand burnt my feet*. Wani ya rubuta cewa mahaifinsa yana kai taki gona da jaki *in the scorching heat*. Wani ya ce yayansa yana dakon buhuna a kasuwar Dawanau *under the scorching sun*. Babu wanda ya kwafi littafi, kowa rayuwar gidansu ya rubuta. Mai kakan nan kuwa ya gyara nasa, ya ce kakansa yana sharar gona a cikin rana mai ƙuna, kuma har yanzu yana da zafi.

'Yan'uwa, abin da na fahimta shi ne yaron Bacirawa ba ya zuwa aji da kai fanko. Ma'anar tana jikinsa tun kafin ya zo, suna kawai yake nema da wani harshe. Aikinmu shi ne mu nemo abin da ya riga ya sani mu ɗaura masa sabon a kai. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ruwan cikin yaron nan Hausarsa ce, da abin da idonsa ya gani a gona da kasuwa da tsakar gida.

Na san wannan magana ta taɓo muhawarar da ake ciki. Tun daga Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 aka tsara a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko na firamare. Kafin nan ma, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun yi gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida ana koya musu Turanci a matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin. A watan Nuwamba na 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa har zuwa aji shida, sannan a Nuwamba na 2025 aka sanar da soke wannan aka mayar da Turanci harshen koyarwa. Ni ƙaramar ma'aikaciya ce, tsara manufa ba hurumina ba ne, kuma ina cikin masu son 'ya'yanmu su iya Turanci, domin da shi za su rubuta jarrabawar shiga sakandare, da shi za su karanta takardar magani da ta banki. Abin da nake cewa kawai shi ne, ko da wane harshe aka ce mu koyar, hanyar da kalma take bi ta zauna a kan yaro ɗaya ce, sai ta bi ta kan abin da ya sani. Wanda ya hana ni cewa "ƙuna" a ajin Turanci bai ƙara wa ɗalibina Turanci ba, ya dai mayar da shi aku mai maimaita abin da bai fahimta ba.

Kayan aikin kuma muna da su. Tun 1934 Bargery ya fitar da babban ƙamusunsa na Hausa da Turanci. Akwai na Turanci zuwa Hausa da Roxana Ma Newman ta wallafa a 1990, ga kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006. Makarantu nawa ne a reshen nan suke da ko da guda ɗaya a ofishin shugaban makaranta? Na bar wa kowa ya amsa a zuciyarsa.

Yanzu zan juya ga ɓangaren da ya fi yi mini nauyi. A makon da na koyar da wannan kalma, wata yarinya ta yanke jiki ta faɗi a ajina ana cikin darasi na shida. Muna da yara fiye da tamanin a ɗaki ɗaya, rufin kwano ne, silin ya daɗe da zubewa, tagogi biyu an toshe su da bulo saboda ɓarayi. Ba ta karya kumallo ba, kuma tun safe ba ta sha ruwa ba, domin randar ajin ta fashe tun zangon da ya wuce. Muka fitar da ita gindin darbejiya, muka yayyafa mata ruwa, muka yi mata fifita da bangon littafi har Allah Ya sa ta farfaɗo. Da na dawo aji na ga kalmar nan rubuce a allo da hannuna, sai kunya ta kama ni. Ina koya musu sunan abin da ke neman hallaka su, ban taɓa tashi na yi magana a kansa ba.

Bazarar nan ta 2024 ba ta wasa ba ce. A ranar 3 ga Afrilu na shekarar an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma an yi asarar rayuka a yankin. Hukumar kula da yanayi ta duniya ta tabbatar daga baya cewa 2024 ta zarce duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi. A nan gida ma hukumar NiMet takan fitar da gargaɗin tsananin zafi a irin waɗannan watanni. Jikin ɗan'adam yana aiki ne a kan digiri 37, idan ya kai 40 kuma aka ga mutum ya rikice, ko yana sambatu, ko ya suma, to rai na cikin haɗari, sai a sanyaya jikinsa nan take a garzaya da shi asibiti. Yara sun fi manya saurin galabaita, kuma ba su cika faɗa ba sai abin ya ci ƙarfinsu. Kada mu manta kuma lokacin zafi da cunkoso a ɗaki marar iska shi ne lokacin sanƙarau, kuma waɗanda suka yi wayo a 1996 sun san abin da ya yi a Kano. Ko ba a kai ga ciwo ba, kowane malami a nan ya san darasin da aka yi bayan ƙarfe goma sha biyu a watan Afrilu rabinsa a iska yake tafiya. Yaro yana gyangyaɗi, malami maƙogwaro ya bushe, mu kuma mu rubuta a littafin tsarin darasi cewa an koyar.

Ƙungiyarmu tun 1931 take, kuma an san ta da fafutukar albashi da ƙarin girma da haƙƙin 'yan fansho, Allah Ya saka wa shugabanninmu da alheri. Amma yanayin ɗakin da muke aiki a ciki shi ma haƙƙi ne, namu da na yaran da aka ba mu amana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan mu da muke cikin ajin ba mu faɗa ba, wanda ke zaune ƙarƙashin fanka ba zai sani ba. Don haka ina gabatar wa wannan zama shawarwari huɗu, a duba su a gyara.

Na farko, kowace makaranta a reshen nan ta ƙirga azuzuwan da ba su da silin ko isassun tagogi, da waɗanda ba su da ruwan sha, a miƙa wa sakatare kafin zama na gaba. Idan za mu je gaban mahukunta mu je da lissafi a rubuce, domin kuka ba adadi ba ya daɗewa a kunne.

Na biyu, reshe ya nemi izini a hukumance cewa daga tsakiyar Maris zuwa faɗuwar damina a riƙa sa Lissafi da Turanci a darussan safe, a daina wasannin motsa jiki da sharar fili da tsakar rana, a kuma daina hukunta yaro da durƙuso a rana ko tsayuwa a kan rairayi. Wannan na ƙarshe ba ya bukatar izinin kowa, a hannunmu yake, kuma ina roƙon mu bar shi daga yau.

Na uku, mu haɗa kai da iyaye a sa randa mai murfi da moɗa a kowane aji. Kuɗin randa bai kai na buhun siminti ba. Iyaye mata da ke wannan zama, don Allah ko gorar ruwa ce a riƙa ba yaro ya taho da ita, a kuma duba ƙafarsa kafin ya fita. Silifa ɗaya tana raba shi da ƙunar hanya.

Na huɗu, da zarar ruwa ya zauna, kowane aji ya dasa bishiya biyar a yamma da gabashin ɗakinsa, a killace su da ƙaya saboda awaki, a ba yara amanar ban ruwa idan rani ya shigo. Darbejiyar da muka kwantar da yarinyar nan a gindinta, wani malami ne ya dasa ta shekaru da yawa da suka wuce. Ya yi ritaya, ya rasu, ban taɓa ganinsa ba, amma ranar nan inuwarsa muka sha. Allah Ya kai ladan kabarinsa.

Ga 'yan'uwana masu koyar da Turanci kuma, ina ba da shawara ɗaya da ba ta cin ko kwabo. Kafin ka rubuta sabuwar kalma a allo, tambayi kanka inda yaron nan ya taɓa haɗuwa da ma'anarta a rayuwarsa, da kuma sunan da mahaifiyarsa take kiran abin. Idan ka samo wannan, rabin darasi ya ƙare. Idan ba ka samo ba, tambayi yaran, za su ba ka fiye da abin da kake nema. Kalma biyar da yaro ya fahimta har ya iya faɗin halin gidansu da su sun fi hamsin da ya haddace don jarrabawa ya zubar a bakin ƙofa.

Yarinyar da ta faɗi tana aji ɗaya na ƙaramar sakandare yanzu. Kwanan baya muka haɗu a hanya da rana tsaka, ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta dubi sama ta ce, "Malama, *it is scorching today*." Na ce ƙwarai kuwa, maza ki shiga inuwa. Ta riƙe kalmar, na ji daɗi. Saura mu riƙe namu alkawarin, domin ƙannenta suna nan a ɗakin da ta bari, kuma har yau silin ɗin ba a gyara ba.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki nawa ne, ina neman afuwar iyayena da yayyena. Allah Ya kawo mana damina mai albarka, Ya raya mana yaranmu, Ya ba mu ikon sauke amanar da muka ɗauka.